Tauraro a Kan Tutar Madugu

Ranar Litinin ce, washegarin da rediyo ya sanar cewa ƙasar Dahome ta zama Benin. Hadari ya taso daga teku tun da safe, ya tsaya a kan Kwatano, ya ƙi zubar da ruwa, ya ƙi wucewa. Gumi kawai ake yi. Gado tela yana bakin keken ɗinkinsa a unguwar Zongo, riga a kafaɗa, sai ga Karimou ya shigo rumfar da jan ƙyalle ɗaure a dantse.

Tare suka taso, gida na kallon gida. Amma tun da aka naɗa Karimou delege, wato wakilin komitin unguwa, ya daina cewa Gado, sai kamarad.

"Kamarad tela, aiki ya same ka," in ji shi. "Kowace rumfa da kowane gida, sabuwar tuta kafin Asabar. Koriya shar, da jan tauraro a kusurwar sama, ta wajen sanda."

Wada direba yana kishingiɗe a benci. Tsohuwar Fijo gare shi mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar kaya tsakanin kasuwar Tokpa da garin Godomey, in babu lodi nan rumfar ce gidansa. Ya ɗaga kai.

"To kamarad, me take nufi ita wannan?"

"Kore noma ne. Tauraron kuma haɗin kan talakawa ne."

"Waccan da aka kawo mana ranar 'yancin kai, cewa aka yi kore fatan alheri ne, ja jarumta, rawaya arziki. Ashe arzikin kawai aka cire."

"Wada, bakin nan naka zai kai ka inda motarka ba ta zuwa."

"Ni ai ina da ƙasata." Ya nuna motar. A jikin ƙarfen rediyonta akwai guntun atamfar matarsa, mai zanen kaji, yana lilo. "Jamhuriyar Wada ke nan. Mutum biyu da akuya ɗaya. Kajin nan su ne abin da muke sa rai."

Gado ya yi dariya. Shi tuta ba baƙuwarsa ba ce. A kan ta Faransa ya koyi miƙe ɗinki, shuɗi da fari da ja, maigidansa na tsaye kansa da bulala. Ta Dahome kuwa ya ɗinka ta har ba ya buƙatar awo. Wannan ta uku ce, kuma ta fi su sauƙi.

Karimou bai yi dariya ba. Da zai fita ya sunkuyo, ya rage murya.

"Za a bi gida-gida. Tsofaffin tutoci, layu, guraye, duk abin da ya yi kama da kayan tsafi ko na sarauta, za a kwashe a ƙona. Ba ni kaɗai zan zo ba. Ka ji dai."

Dariyar Gado ta ɗauke, domin akwai tuta ta huɗu a rayuwarsa, wadda bai ɗinka ba.

Tana cikin adakar Inna Tabawa, mahaifiyarsa, a ƙasan zannuwa, naɗe da kafur. Kakan kakansa, Madugu Muhuyi, shi ya zo da ita a gaban ayarin fatake, daga Arewa ta garin Jugu har bakin teku. Koriya ce mai duhu, saƙin hannu, mai kauri, da laya ɗinke a kusurwa ɗaya. Da tafiyar ayari ta ƙare, sai tutar ta samu wani aikin. Duk wanda ya rasu a gidan, ita ake lulluɓa wa makararsa zuwa maƙabarta. In aka dawo, babbar mace a gidan ta ɗauki farin zare ta yi ƙulli ɗaya a bakin ƙasa na ƙyallen, a naɗe, a mayar. Ƙulli goma sha ɗaya ne. Biyu ƙanana ne, manne da juna: tagwayen da Gado ya biyo bayansu, waɗanda bai taɓa gani ba.

Idon Inna ya fara rufewa, ƙafafunta sun kumbura. Amma in ta sa hannu cikin adakar ta lalubi bakin ƙyallen, sunayen sukan zo mata ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙulli da mai shi. A ƙarshe takan ɗora yatsa a ɗan filin da ke gefen na Malam Idi, mijinta, ta ce, "Nan ne wurina. Asiya, kada ki matse shi da yawa, ba na son cunkoso."

Ba ta taɓa roƙon Gado komai ba ban da wannan: ta tafi a ƙarƙashin koriyar, a sa ta a layin mutanenta.

Da la'asar ya kira ƙanwarsa Asiya bayan ɗaki, ya gaya mata abin da Karimou ya ce.

"Mu binne ta, Yaya."

"A Kwatano? Kamu ɗaya za ki tona ki tarar da ruwa. Kafin wata ta ruɓe."

"To a ba Wada ya kai wa ƙanin Baba a Godomey."

"Ana tsayar da motoci a hanya, ana kwance kowane ƙunshi."

Ya koma rumfa. Koren yadi ya ƙare a Tokpa tun azahar, mata suna ta zuwa da tsofaffin zannuwa masu kore a yanka musu. Yana cikin yanka jajayen taurari, dabarar ta faɗo masa. Wa zai bincike tutar ƙasa? Wa ma zai taɓa ta?

Da safe, Inna tana alwala a bayan gida, ya zaro koriyar daga adaka. Ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Ƙamshin kafur ya tashi, da wani abu a ƙarƙashinsa, kamar goro da zufar jakuna. Ya kalmashe bakin ƙasan ciki, ƙulle-ƙullen da layar suka ɓuya, ya bi da ɗinki mai faɗi wanda za a iya warwarewa. Ya ɗora tauraron. Allurar keken ta karye. Ya sa wata, ta karye. Ya ce kaurin saƙin ne, ya ƙarasa da hannu. Ya ɗaura ta a gora, ya kafa a saman rumfar.

Da ya shiga gida cin abinci, Inna tana zaune a tabarma, kanta a karkace kamar mai sauraro.

"Gado."

"Na'am, Inna."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To wa ya buɗe ta?"

Ya durƙusa ya yi mata bayani, komitin, binciken, wutar. Ya ce kwana kaɗan ne, da zarar sun wuce zai sauke. Ta bari har ya gama.

"Tun da uwar mijina ta miƙa mini ita, ba a taɓa buɗe ta ba sai da gawa a gidan. Kai ka buɗe ta, ka ɗaga ta sama, ka nuna mata hanya. Yanzu jira take yi."

"Inna, ƙyalle ne."

"Na sani. Je ka ci abincinka."

Masu binciken suka zo ranar Alhamis, su shida har da Karimou. Suka zazzage adakar, suka leƙa ƙarƙashin gado, suka tafi da tsohuwar tutar Dahome da wata laya da Asiya ta manta a wuyan tulu. Suka fita ta ƙarƙashin koriyar, ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Gado ya ji kamar ya yi tsalle.

Sai Karimou ya tsaya a tsakiyar layi, ya waiwayo, ya ɗaga kai.

Duk layin tutoci ne, masu haske, masu walƙiya, wasu har da ragowar zanen fure. Ta Gado kaɗai ce mai nauyi. Iska tana wasa da sauran, ita kuwa a hankali take motsi, kamar babban mutum yana juyawa.

"Kamarad tela, ka ɓoye mai kyan ga kanka," in ji babbansu, wani dogo da ya zo daga cikin gari. "Wannan ita za ta shige gaban Zongo ranar defile, a babban fareti. Ku sauko da ita."

Gado ya buɗe baki. Me zai ce? Ya ce ba ta ƙasa ba ce? Ya dubi Karimou, Karimou yana duban takalminsa.

Aka yi defile, aka yi maci da ita har bakin teku, aka tafa. Bayan nan ba a dawo da ita ba. Aka kafa ta a dogon ƙarfe a gaban gidan komiti, can ƙarshen Zongo wajen hanyar jirgin ƙasa.

Gado ya ɗinka sabuwa, ta yadi mai tsada, ya kai musanya. Karimou ya ce dogon ya hana. Gado ya sake komawa. Aka ce masa mai yawan tambayar tutar ƙasa, akwai abin da yake nufi. Wada ya ce zai hau ƙarfen ya kwanto ta. Gado ya tuna masa akwai soja a bakin ƙofa.

"To mu yi musu juyin mulki," in ji Wada. "Ni da akuyata."

Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Rani ya shiga. Rana tana dukan tutar, iskar gishiri tana lasarta. Kullum Gado sai ya bi ta wajen, ya ga koren yana koɗewa. Ɗinki ya fara gagararsa. Da tsakar rana, lokacin da layin yake yin tsit, yakan ji ƙamshin goro da kafur ya cika rumfar, alhali ba kowa. Wata rana ya tsaya a gefen hanyar jirgi yana kallon inuwar tutar a kan yashi. Doguwa ce, mai kusurwa huɗu, tana tafiya a hankali tana rausaya, kamar abin da mutane suka ɗauko a kafaɗa. Ya juya ya tafi bai waiwaya ba.

Inna kuwa ta daina tashi. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, ko iska ba ta shiga, amma takan ce, "Ku yi shiru. Ga ta can tana kaɗawa. Fat, fat. Yau da sauri take."

Abin da ya fi damun Asiya shi ne sunayen. Takan zauna kusa da ita ta ce, "Inna, faɗa mini su, in riƙe." Inna ta fara: Madugu Muhuyi, sai ɗansa Mansir, sai Larai. Yatsunta suna bin bakin zanenta suna lalube, ba su samun komai. Sai ta tsaya.

"Akwai wata a nan. Mai babban ƙulli. Wadda ta rasu shekarar da jirgin ƙasa ya ƙone rumfuna. Wace ce?"

Ba wanda ya sani. A yatsunta suke, ba a kanta ba.

Ranar da aka yi ruwan farko na damina, da hantsi, Asiya ta zo rumfa ba lulluɓi.

"Yaya, numfashinta ya sauya."

Gado ya ajiye almakashi, ya bi cikin yayyafi har gidan komiti. Ya tarar da Karimou shi kaɗai a ciki. Ya rufe ƙofa.

"Karimou ɗan Nimatou," ya ce, "ba delege na zo gani ba. Tutar can ta makararmu ce. Inna tana tafiya. In za ka sa a kama ni, bari sai na dawo daga maƙabarta."

Karimou ya ɗago ya dube shi.

"Ka ɗauka ban sani ba? Ina cikin waɗanda suka ɗauki Baba Idi a ƙarƙashinta. Tun ranar bincike na gane ta. Na ɗaga kai ne don mamaki, dogon nan kuma ya bi idona." Ya shafa fuskarsa. "Tuwon Inna ya fi na gidanmu yawa a cikina."

Ya fita, ya ce wa sojan tutar ta jiƙe ta yage, tela zai gyara. Ya sauko da ita da kansa, ya naɗe, ya kawo. Gado ya rungume ta. Ta yi sauƙi a hannu, ba kamar da ba. Ya kai yatsa bakin ƙasan don ya warware kalmasar.

Ba kalmasa. An yanke bakin, santal, an bi shi da ɗinkin wani hannun.

"Iska ta ɓalle ɗinkinka," in ji Karimou, bai dube shi ba. "Wata safiya na fito na ga layar tana lilo, ga fararen ƙulle-ƙulle a fili. Da dogon nan ya riga ni gani, da yanzu kana inda ba a ziyara. Laya a jikin tutar ƙasa, Gado! Na sauke, na yanke."

"Ina guntun?"

"A aljihuna zan ajiye shi? A nan gidan?"

"Ina yake?"

"Na ɗaure shi da dutse. Na jefa daga kan gada."

Gado bai zage shi ba, bai kuma yi masa godiya ba. Ya sa tutar cikin riga ya fita.

Ya tarar da Inna da sauran rai. Asiya ta tallafe kanta. Tun kafin ya yi sallama Inna ta ce, "Ta yi shiru. Ka kawo ta ke nan." Ya shimfiɗa mata a jiki. Ta shaƙi ƙyallen, ta yamutsa fuska, gishiri kawai da rana. Sai hannunta ya gangara ƙasa, ya kama bakin, ya fara tafiya daga wannan kusurwa. Gado yana kallon yatsun. Suka tafi a hankali, suna dannawa, suna tsayawa inda suka saba tsayawa. Suka kai ƙarshe. Suka dawo.

"Ba kowa," ta ce.

"Inna…"

"Sun gaji da jira. Ayari ba ya tsayawa mutum ɗaya." Ta saki bakin. "Ba komai, Gado. Ka dai lulluɓa mini. Wataƙila in sun hango ta su rage sauri."

Ta yi kalmar shahada tare da Asiya. Kafin azahar ta cika.

Mata suna wanka, Gado yana cikin zaure da reza yana tsinke zaren tauraron. Jan ƙyallen ya faɗi ƙasa. Amma inda ya zauna, rana ba ta taɓa ba. Duk tutar ta koɗe ta zama kamar ganyen da ya kwana biyu a tsinke, wurin nan kaɗai ya rage da tsohon korensa mai duhu, tsini biyar, ɓaro-ɓaro. Ya juya bayanta. Nan ma yana nan. Ya jiƙa, ya murza, ya goga da toka. Liman ya leƙo ya ce, "Malam Gado, gawa ba ta jira."

Aka yi mata salla a ƙofar gida. Wada ya kawo motarsa. Kafin a ɗora makarar ya zagaya, ya kwance guntun atamfar nan mai kaji daga ƙarfen rediyo, ya cusa a aljihu. Aka lulluɓa koriyar. Ba ta kai ba. In aka ja ta rufe ƙafafu, kai ya fito. In aka rufe kai, farin likkafani ya leƙo ta ƙafafu, taƙi guda. Gado ya zaɓi kai. Ya zauna a bayan motar, ya ɗora tafinsa a kan ƙafafun.

A mararrabar da ke gaban kasuwa, ɗan sanda ya hango kore da tauraro. Ya tsayar da motoci, ya ƙame, ya sara. Ba wanda ya ce masa komai. Inna Tabawa, wadda ba ta taɓa sanin sunan ko shugaba ɗaya ba, ta wuce shi a hankali.

Maƙabartar tana ƙetaren ruwa. Da suka hau gada, iska ta taso daga ƙasa, ba daga teku ba. Ta ɗaga yankakken bakin tutar, ta ja shi gefe, wajen ruwan, ta yi ta ja. Mutum uku suka danne. Gado ya leƙa. Ruwan ya yi ja saboda ruwan sama, kwale-kwale biyu suna wucewa, ba wani abu. Amma ƙamshin goro da kafur ya bi su har suka sauka daga gadar, sannan ya tsaya a can.

Da suka dawo, Asiya tana zaune da allura da farin zare. Yanzu ita ce babbar mace a gidan. Ta auna da ido inda na Baba yake a da, ta matsa kaɗan, ta soka. Ƙyallen ya riga ya mutu, zaren ya yaga shi ya fito. Ta ƙara matsawa sama, ya sake yagewa. Ta bi shi wuri-wuri, ko'ina rana ta cinye. Wuri ɗaya ne ya rage da ƙarfinsa. Ta dubi Gado. Ya kau da kai. Ta yi ƙullin a tsakiyar tauraron, can sama, nesa da inda layin yake. Bai matsu ba, kamar yadda aka ce mata.

Washegari Gado ya aika wa komiti sabuwar tutar nan ta yadi mai tsada. Ba wanda ya tambayi tsohuwar. Karimou ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma, aka yi addu'a, ya tashi. Bayan nan, in zai wuce rumfar, ta ɗaya gefen layin yake bi.

Abin da gidan Madugu ya rasa a wannan shekara: taƙi ɗaya na ƙyalle. Laya ɗaya. Ƙulli goma sha ɗaya, biyu daga ciki na jarirai. Sunaye huɗu da Asiya ba ta samu riƙewa ba. Maƙwabci ɗaya. Da Inna.